Ɗan da Aka Taɓa: Nazarin Wasa Ɗaya a Buɗaɗɗiyar Gasar Ces a Jos

An buga wannan wasa ne a zagaye na huɗu na wata buɗaɗɗiyar gasar ces (wasan darar Turawa) ta ƙarshen mako a Jos, a zauren wata makaranta, cikin sanyin hunturu. Ba a allon farko aka buga shi ba, kuma babu mai wani kambu a cikin 'yan wasan biyu. Mai fararen 'ya'ya tsohon malamin lissafi ne da ya yi ritaya, mai baƙaƙe kuma ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare. An tashi canjaras a taku na 74. Abin da ya sa na zaɓe shi shi ne ɗalibin ya ci bishop (ɗan ces mai tafiya a karkace) tun a taku na 12, ya riƙe rinjayen nan har wasa ya zo gangara, amma da rabin maki ya tashi. Ta inda rabin makinsa ya zube, ta nan nake ganin na yaranmu da yawa yana zubewa.

Su biyun sun ba ni takardun da suka rubuta wasan a kai, na kuma zauna da su lokacin da suke bitarsa. Ba zan ambaci sunansu ba. Zan ce Malam, in ce ɗalibi.

Gasar da mutanen

Buɗaɗɗiyar gasa ba ta tambayar shekaru ko matsayi. Duk wanda ya biya kuɗin rajista ya samu kujera. Ana tafiyar da ita da tsarin Siwis, wanda aka fara amfani da shi a Zurich a 1895: ba a korar kowa, sai dai a kowane zagaye a haɗa masu maki ɗaya su kara. Ci maki ɗaya ne, canjaras rabi. Wannan tsari ne yake zaunar da ɗan shekara 17 gaban wanda ya haifi ubansa, ba tare da kowa ya ga abin mamaki ba. Zagaye shida aka tsara, ɗaya ranar Juma'a da yamma, uku ranar Asabar, biyu ranar Lahadi da rana bayan masu zuwa coci sun sauko. Kowane ɗan wasa yana da awa ɗaya a agogo, da ƙarin sakan 30 duk takun da ya yi, don haka wajibi ne kowa ya rubuta kowane taku har a tashi.

Wasan namu shi ne na uku a ranar Asabar, bayan La'asar. Wanda ya san Jos, garin da ke bisa tudu mai tsayin mita 1,200 ko fiye, ya san yadda sanyi yake saukowa da zarar rana ta karkata. Malam ya zo da rigar sanyi a ƙarƙashin kaftani, da fulas ɗin shayi a gefen ƙafarsa. Ya riga ya buga doguwar fafatawa biyu tun safe. Kowannensu yana da maki biyu cikin uku.

Malam ya koyi ces a kan allon katako da tsofaffin littattafai. Lambar ƙarfinsa ta FIDE, hukumar ces ta duniya, ta ɗan haura 1600, wato ba nisa sosai da 1400 da hukumar ta mayar mafi ƙarancin lamba a watan Maris na 2024. Ɗalibin kuwa ba shi da lambar FIDE ko kaɗan, wannan ce gasarsa ta farko ta gaba da gaba. A waya ya koya, a Lichess, wani dandalin buga ces na intanet, inda lambarsa a wasan minti uku ta kusa 2000. Yana cikin yaran da suka ƙara ƙaimi bayan Tunde Onakoya, wanda ya kafa ƙungiyar Chess in Slums Africa, ya yi awa 60 yana buga ces a dandalin Times Square na New York a Afrilun 2024. Lambar waya da ta FIDE ba mudu ɗaya ake auna su da shi ba, Lichess ma daga 1500 take fara wa sabon shiga. Amma kada a raina yaron. A kaifin ido, da saurin hango tarko, ya fi Malam nesa ba kusa ba, kuma Malam ne ya fara faɗin haka.

Taku goma sha uku na farko

Ga wanda bai saba ba: layukan allo na tsaye suna da harufa daga a zuwa h, na kwance suna da lamba daga 1 zuwa 8. Gidan a1 baƙi ne, gidan h1 fari. A riƙe wannan na ƙarshen, don a kansa wasan ya ƙare.

Malam ya buɗe da dakare zuwa e4, ɗalibi ya amsa da e5. Doki f3, doki c6. Bishop b5, a6. Wannan shi ne buɗin Ruy Lopez, mai sunan limamin cocin nan na Sifen da ya yi rubutu a kansa a 1561. Bishop ya ja baya a4, ɗalibi ya taka d6. A taku na biyar Malam ya tura d4, ɗalibi ya kore bishop da b5, bishop ya koma b3. Sai dokin baƙi ya ci dakaren d4, dokin fari ya ci doki, dakaren e5 ya ci dokin fari. Yanzu ga baƙin dakare a d4 ba mai tsaronsa, ga sarauniyar Malam tana kallonsa.

Malam ya ci shi da sarauniya a taku na takwas, bai yi ko minti ɗaya yana tunani ba. Nan ya faɗa Tarkon Jirgin Annabi Nuhu, wanda ake cewa tsufansa ne ya jawo masa sunan. Ɗalibi ya taka c5, ya kori sarauniya. Ta tafi d5, inda take barazana biyu a lokaci guda: kashe sarki a f7, da cin hasumiyar a8. Kallon farko sai ka ce fari ne da wasa. Amma bishop e6 ya toshe hanyar f7, ya kuma buɗe wa baƙar sarauniya layin da za ta tsare hasumiyarta. Sarauniyar Malam ta ba da cek (barazana kai tsaye ga sarki) a c6, bishop ya dawo d7, ta koma d5, sai ɗalibi ya tura c4. Bishop ɗin b3 ya waiga ko'ina ba ƙofa: a4 da c4 suna bakin dakaren b5, a2 da c2 kuma nasa dakarun ne suka cike su. Malam ya ci c4 da bishop, aka cinye bishop ɗin, sarauniya ta ci dakaren da ya ci shi. Taku 13, bishop ya tafi a kan dakaru biyu.

Ba ƙananan 'yan wasa kaɗai tarkon yake kamawa ba. Da waɗannan takun Capablanca, zakaran duniya daga 1921 zuwa 1927, ya kama Endre Steiner a Budapest a 1929. Maganinsa kuma sananne ne: a taku na takwas a bar dakaren tukuna, a taka bishop d5 ko c3. Malam ya san wannan sarai. Gajiya ce ta wasa na uku, da hannu da ya riga kai.

Ɗalibin bai ci minti biyu ba a takun nan goma sha uku. Ya tashi ya zaga zaure, abokansa biyu suna ɗaga masa gira daga nesa. Malam kuwa ya zuba shayi a murfin fulas, ya riƙe shi da hannu biyu, ya yi minti goma sha ɗaya yana kallon allon da kowa ya ɗauka ya riga ya mutu.

Abin da Malam yake lissafawa

A nan nake so a dakata, don wannan minti goma sha ɗayan su ne wasan. A ƙiyasin da aka saba, bishop yana daidai da dakaru uku. Malam ya karɓi biyu. Yana da dakaru bakwai, ɗalibi yana da biyar: a6, d6, f7, g7, h7. Muddin sarauniyoyi da hasumiyoyi suna kan allo, ƙarin bishop ƙarin mayaƙi ne, kuma mai shi zai iya kai hari da mutum ɗaya fiye da masu tsaro. Amma bishop shi kaɗai da sarki ba sa kashe sarki, ko za a kwana ana bugawa. Ke nan duk darajar bishop ɗin ɗalibi ta rataya ne a wuyan dakarunsa biyar. In suka ƙare, rinjayen ya zama na banza. Da na tambayi Malam abin da ya yanke a lokacin, cewa ya yi: “Na daina kallon bishop ɗinsa. Dakarunsa na koma ƙirgawa.”

Akwai ƙa'idar da kowane mai koyo yake ji: in kana gaba, yi musaya. Rabinta ke nan. Cikakkiyarta ita ce wanda ke gaba ya musanya manyan 'ya'ya ya tattala dakarunsa, wanda ke baya kuma ya musanya dakaru ya riƙe manya. Ɗalibin rabin farko ya haddace, Malam ya san duka biyun.

Bayan kowa ya ɓoye sarkinsa a kusurwar dama in an duba daga wajen fari, Malam ya kai dokinsa d5. Gida ne mai daɗi, don baƙi ba shi da sauran dakaren c ko na e da zai kore shi. Ɗalibi yana da hanya biyu ta cire dokin: da nasa dokin, ko da bishop mai bin fararen gidaje. Ya ci da bishop nan take. Injin Stockfish, manhajar kwamfuta mai nazarin wasan ces, bai kira wannan kuskure ba, ni ma ba zan kira shi haka ba, baƙi yana nan da rinjayensa. Sai dai daga wannan taku Malam ya samu abin nema. Ba da daɗewa ba ya ba da bishop ɗinsa da ya rage a kan dokin ɗalibi, ya zamana ƙaramin jami'i ɗaya tak ya rage a allo, bishop mai bin baƙaƙen gidaje. Dakaren h na baƙi kuwa a h1 zai zama sarauniya, farin gida, kuma nan ne maƙwabtan sarkin Malam.

Sauran tsakiyar wasan ba ya buƙatar dogon bayani. Malam ya tura dakarunsa na ɓangaren sarauniya, ya musanya ɗaya da na a6, ya musanya wani da na d6. An cire sarauniyoyi. Ɗalibi ya yi amfani da ƙarin bishop ɗinsa ya ci dakaru biyu kyauta, kuma ya yi hakan da gwaninta. Amma duk lokacin da Malam ya miƙa musayar dakare da dakare, sai ya karɓa, har da ta g da f a gaban sarakuna. Ya yi ta ƙirga ciniki kamar ɗan tireda da ke murnar kaya suna fita, bai duba cewa jarin ne yake ƙarewa ba. Da hasumiyoyin ƙarshe suka bar allo, dakaru biyar sun koma biyu.

Taku na 52 da na 53

Ga yadda allo yake. Fari: sarki a f3, dakaru a f4 da h3. Baƙi: sarki a f5, bishop a e7, dakaru a g6 da h6. Baƙi ne da taku. Agogon Malam ya nuna minti uku da 'yan sakanni. Na ɗalibi ya nuna minti 58.

A lissafa wannan. An ba shi minti 60, taku 52 sun ƙara masa 26, ya rage da 58. Minti 28 ke nan ya kashe a wasan gaba ɗaya, kusan rabin minti a kowane taku, har da lokacin rubutu. Ya zo wurin da ya fi ko'ina buƙatar natsuwa da kusan awarsa cur a aljihu.

Har yanzu wasan nasa ne, kuma cikin sauƙi. Bishop d6 kawai. Sarki da bishop sun haɗu a kan dakaren f4, sarkin fari shi kaɗai ba zai iya tsare shi ba, dakaren ya faɗi kyauta, baƙi ya rage da dakarunsa biyu. Abin lura ɗaya ne: in fari ya turo dakaren h har h5 don ya ruɗe shi, kada ya ci, ya wuce g5 abinsa.

Ɗalibi ya taka g5. Wata musayar dakarun ce, ta huɗu. Malam ya ci da dakaren f, ya danna agogo.

Yanzu akwai farin dakare a g5, kuma 'ya'yan baƙi uku ne za su iya cinsa: sarki, bishop, ko dakaren h6. Ɗaya ne kawai yake cin wasa. In dakaren h6 ya ci, ya tashi daga layin gefe ya koma layin g, gidan sarautarsa ya zama g1, baƙin gida, wanda bishop ɗin yake iya tsarewa. Ko fari ya gwada h4 don a sake musaya, baƙi zai wuce g4 da cek, ya sa bishop a d6 ya hana sarkin fari gidan g3, dakaren kansa ya hana shi f3 da h3, sannan sarkin baƙi ya je ya ɗauke na h a tsanake. In kuwa sarki ko bishop ya ci, dakaren h ne ya rage, da bishop da ba ya taka farin gida har abada. Sarkin fari ya shige h1 ya zauna, babu mai fitar da shi. 'Ya'ya shida ne a allo, kuma kwamfuta ta riga ta warware duk wani tsayuwar allo mai 'ya'ya bakwai ko ƙasa da haka, kowa zai iya dubawa a Lichess kyauta. Ba maganar ra'ayi ba ce.

Hannun ɗalibi ya kai kan bishop kafin Malam ya gama rubuta takunsa. Ya ɗaga shi, ya kai shi rabin hanya, sai ya tsaya cak. Ina tsaye a bayan kujerar Malam, na ga yatsunsa sun ƙame a iska. Ya mayar da bishop e7, ya kai hannu kan dakaren h6.

“Samari,” in ji Malam, murya ƙasa-ƙasa, “ka taɓa bishop.”

“Baba, gyara shi na yi.”

Malam bai ƙara kalma ba. Ya tsayar da agogo, ya ɗaga hannu. Alƙalin wasa ya zo, ya saurari kowa, sannan ya juya ga ɗalibi.

“Ka faɗa cewa gyara za ka yi kafin ka taɓa?”

“A'a, yallaɓai.”

“Ya bar gidansa?”

Yaron ya dubi allo, ya dubi abokansa da suka matso. Mu 'yan kallo doka ba ta ba mu bakin magana ba, alƙali kuma bai ga abin da idonsa ba. Da ya dage a kan maganarsa ta farko, da an shiga maganar wannan da ta wancan.

“Ya bari,” in ji shi.

“To, shi za ka taka.”

Sashe na 4 na dokokin FIDE bai bar wata kafa ba: ɗan da ka taɓa da niyyar takawa, shi za ka taka muddin yana da inda zai je. Mai son gyara zaman ɗa sai ya faɗa tukuna, kuma a lokacin takunsa. Da bishop ya tafi wani gidan daban, dakaren g5 zai cinye na h6, baƙi ya rasa dakare gaba ɗaya. Don haka ya ci g5 da bishop. Malam ya taka sarki g2.

An ƙara taku ashirin da ɗaya. Ɗalibi ya cinye dakaren h3, ya turo nasa, ya kuma ɗana tarkon ƙarshe da ya rage: sarkinsa a g3, dakare a h3, sarkin Malam a g1, sai ya ba da cek da bishop daga c5. Gida biyu ne a buɗe, f1 da h1. Wanda ya taka f1 ya mutu, don dakare zai sauka h2, bishop ya tsare g1, sarki ya tsare g2, sarauniya ta fito. Malam yana da ƙasa da minti biyu, amma ko ɗar bai yi ba, ya shige h1. Bishop ya janye, sarki ya fito g1, dakare ya ba da cek a h2, sarki ya koma h1. Ɗalibi ya ɗan matsar da bishop, sarkin fari ba ya cikin cek, ba shi kuma da gidan takawa. Canjaras.

Maganganun waje

Kafin a kira Magariba an riga an rabu gida biyu a bakin zaure, wajen mai shayi. Wasu suna cewa dattijo kamar Malam bai kamata ya kama yaro da doka ba, gasarsa ce ta farko, kuma a kan allo yaron ya ci wasa. Wasu kuma suna ganin laifin yaron ne da ya buɗe baki ya musa wa sa'an kakansa. Ban yarda da ko ɗaya ba.

Masu cewa a yafe sun manta cewa a tsarin Siwis rabin maki ba na mutum biyu ba ne kawai. Shi yake yanke wa zai haɗu da wa gobe, wa zai karɓi kyautar matasa, wa zai koma gida hannu rabbana. In Malam ya yafe, da aljihun wasu yaran ya yi kyauta. Kuma doka ta ce ƙorafi a lokacinsa ake yi, da zarar ka taɓa naka ɗan don ka amsa, haƙƙinka ya faɗi. A gasar Linares ta Sifen a 1994 hoton bidiyo ya nuna hannun shahararren ɗan wasan nan Kasparov ya rabu da dokinsa na ɗan ƙiftawar ido kafin ya sauya masa gida, abokiyar karawarsa Judit Polgar tana da shekara 17 a lokacin, ba ta yi magana nan take ba, wasan ya ci gaba har ta faɗi. Malam ya yi abin da ya dace, ta hanyar da ta dace: bai ɗaga murya ba, bai yi gardama da yaro ba, ya tsayar da agogo ya kira mai hukunci.

Masu maganar girma su ma sun kauce. A kan allo yaro yana da damar kare kansa gaban alƙali kamar kowa, kuma ba na so yaranmu su riƙa sallama haƙƙinsu don furfura. Abin da ya ɓata maganarsa ta farko shi ne ba gaskiya ba ce. Ya kuwa janye ta da kansa, a gaban abokansa, a lokacin da ya san abin da janyewar za ta ci masa. A duk abin da ya yi ranar, har da tarkon taku na 11, wannan ne ya fi burge ni.

Bitar wasa

Sun koma wani benci a baranda da allon roba. Malam ya jera 'ya'yan yadda suke a taku na 52, ya ce, “Ɗana, me ya hana ka d6?”

“Na ga lokacinku ya kusa ƙarewa, Baba. Na ce in na yi sauri ba za ku samu damar tunani ba.”

“Wane tunani ya rage mini? Kai ne mai aiki. Ni kusurwa kawai nake nema.”

Wannan amsa ta taɓo tushen matsalar. A wasan minti uku ba ƙari, matsa wa abokin karawa da sauri dabara ce mai ci, kuma ɗalibin ya ci ɗaruruwan wasanni da ita. A wasan da kowane taku yake ƙara sakan 30, mai tsaron da ya san inda za shi ba ya faɗuwa a agogo. Saurin bai rage wa Malam komai ba, ɗalibin ya hana wa kansa tunani. Sauri ya haifi nawa.

Sai Malam ya tambaye shi ko ya san maganar bishop da dakaren gefe. Ya ce ya taɓa gani a wani bidiyo, kuma ita ce ta faɗo masa a rai bishop yana hannunsa. Ya sani ke nan, amma sanin ji, bai taɓa zama ya buga ta ba, ko a matsayin mai hari ko mai tsaro. Ba abin mamaki ba ne. Wasannin waya na minti uku kaɗan ne suke kaiwa irin wannan ƙarshe, yawanci wani ya faɗa tarko ko agogo ya cinye shi tun da sauran kaya a allo. Yaro zai iya buga wasa dubu bai tsaya gaban sarki da dakare ɗaya yana lissafi ba. Capablancan da ɗalibin ya ari tarkonsa, da ƙwarewa a ƙarshen wasa aka fi saninsa, kuma shawararsa ga masu koyo ita ce su fara daga can.

Abu na uku shi ne hannun kansa. A waya kana iya ɗaukar ɗa da yatsa, ka ja shi, ka fasa, ka mayar, ba abin da ya faru. Kana ma iya ajiye amsarka tun abokin karawa bai taka ba. Ramuwar ci kuwa ita ce takun da aka fi yi ido rufe. Hannun da ya saba da haka shekara biyu ba zai daina ranar gasa don an karanta masa doka ba. Tsofaffin masu koyarwa suna sa yaro ya zauna a kan hannuwansa har sai ya yanke shawara, wasu kuma su ce ya ajiye biro a hannun da yake takawa da shi, don sai ya ajiye biron kafin ya taɓa komai. Da sakan goma ɗalibin ya ba kansa ya tambaya da me zai ci, da ya gani, tunda ya gani ɗin bayan sakan ɗaya.

Kada kuma canjaras ɗin ya rufe kuskuren Malam. Ya zubar da bishop a tarkon da ya sani, ya kuma kashe kusan duk lokacinsa yana gyaran ɓarnar. Da ɗalibi ya taka d6, duk lissafin kusurwar h1 ya tashi a banza. Tsaronsa bai tilasta canjaras ba, ya dai yi ta ajiye wa abokin karawa wuraren da zai iya zamewa, har ɗaya ta kama. A matakin 'yan wasa irinmu, wannan shi ne tsaro mai kyau, kuma ya fi miƙa hannu a taku na 13 da na ga matasa da yawa suna yi da zarar sun rasa doki ko bishop.

Ga masu koyar da yara a Jos, daga Bukuru zuwa Farin Gada, wannan tsayuwar allo ta taku na 52 darasin yamma ɗaya ce. A jera ta a kan allo na gaske, a sa agogo, a ce ɗan da aka taɓa shi za a taka, yara biyu su buga ta sannan su sauya launi. Ba ta buƙatar data ko caji. Bayan ta sai sarki da dakare gaban sarki, sai tsaron Philidor da ginin gadar Lucena, dabaru biyu na ƙarshen wasan hasumiya, wanda shi ne ya fi yawan fitowa.

Masu shirya gasa su ma da nasu. Bayanin dokoki da aka yi kafin zagayen farko bai wuce minti biyu ba, da Turanci, yawancinsa a kan kashe waya da lokacin fara wasa, alhali kusan layin baya gaba ɗaya sababbin shiga ne da ba su taɓa danna agogon ces ba. Ya kamata alƙali ya ɗauki allo ɗaya ya nuna da hannu, da Turanci da Hausa: ga yadda ake cewa za a gyara ɗa, ga abin da ke faruwa in an taɓa, da hannun da ka taka da shi za ka danna agogo, in rigima ta taso ka tsayar da agogo ka kira ni, kada ka taɓa komai a allo kafin in iso.